Kwalin koyon leshin hannu: abin da na gani bayan wata 7

Wata 7 ke nan da kwalin nan ya iso hannuna, kuma da gangan na ƙi rubuta komai a kansa sai yanzu. Kayan sana'a ranar da aka buɗe su duk kyau gare su. Sai an yi aiki da su, sun ɓata wa mutum rai sau ɗaya sau biyu, ya ajiye ya sake ɗauka, sannan zai iya buɗe baki ya ce ga halinsu.

Na fi shekara 15 ina saƙar kwarashi, ina kuma ɗan taɓa ɗinki. Duk tsawon wannan lokaci, in aka ce leshi, yadin da inji ya buga ne kawai ke zuwa raina. Wata rana na ci karo da bidiyon wata tsohuwa zaune gaban matashi, ga 'yan sanduna birjik a gabanta sun fi hamsin, kowanne da zarensa, hannuwanta na jefa wannan kan wancan ba ta ko kallonsu, sandunan na ƙara ƙas-ƙas-ƙas, can sama kuma wani farin abu mai huda-huda yana fitowa a hankali daga ƙarƙashin fil. Na maimaita bidiyon ya fi sau goma ban gane inda zaren ke bi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Da na shiga bincike sai na samu wani ƙaramin shago a intanet, mace ɗaya ce ke riƙe da shi, ita ma masaƙiyar leshi ce. Ba zan kama sunan shagon ba, tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, ita kuwa matar ta yi abin da ya kamata da na kai mata kukana.

Abu biyu na yi oda. Na farko kwalin koyo: matashi zagayayye mai faɗin santimita 40, sanduna 24, gwangwanin fil, tsinken huda takarda, zane 6 a kan kwali mai ƙarfi, ƙunshin zaren auduga 2, ƙyallen rufewa, da ɗan littafin bayani. Na biyu kuwa ambulan ce ɗauke da samfuri 5 na leshi, kowanne an ɗinke shi a kan shuɗin kati, an rubuta a ƙasa irin hanyar da aka bi aka yi shi. Ambulan ɗin nan a ƙarshe na ƙara ta cikin odar, kamar abin ƙyale. Yau in aka ce in zaɓi ɗaya in mayar da ɗaya, ita zan riƙe.

Bari in fara da katin farko, don shi ya fi cinye mini lokaci. Fure ne na leshin allura, faɗinsa bai wuce santimita 5 ba. Da ido kawai, fure ne fari mai kyau, shi ke nan. Sai da na sa gilashin ƙara girma a kansa kusa da taga, na ga abin da ya sa na yi shiru. Babu ƙyalle a ƙarƙashinsa ko kaɗan. Duk furen, daga ganye har 'yan gadojin da suka haɗa ganye da ganye, ɗinki iri ɗaya ne, irin wanda ake yi wa bakin ƙofar maɓalli don kada ya zare. Layi na biyu ya rataya a jikin na farko, na uku ya rataya a jikin na biyu, haka har ƙasa. Inda masaƙiyar ke son wuri ya yi duhu sai ta matse ɗinkin ya cushe, inda take son haske ya ratsa sai ta riƙa tsallake, ta bar ƙofofi a jere. A ganye ɗaya na ƙirga salon cikawa 3 daban-daban. Gefen ganyen kuma ya ɗan taso, in aka shafa da yatsa za a ji tudu, domin an shimfiɗa zare mai kauri a bakin, an bi shi da ɗinki an lulluɓe shi tsaf.

Yadda ake yin sa shi ne a zana furen a takarda mai ƙarfi, a dā fata ake amfani da ita, a ɗinke takardar a kan ƙyalle ninki biyu. Sai a kwantar da zare a bi layin zanen, ana kama shi da ƙananan ɗinki da ke ratsa takardar da ƙyallen. Wannan zaren shi ne ƙashin aikin. Daga nan allura ba ta ƙara huda takardar, a sama take yawo, tana cike tsakanin layukan. In an gama sai a sa reza tsakanin ƙyallen nan biyu a yanke ɗinkin kamun, leshin ya saki takardar ya fito shi kaɗai. Mutanen Italiya, waɗanda a wajensu wannan aiki ya bunƙasa a ƙarni na 16, suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce ɗinki a cikin iska, kuma wallahi sunan ya dace. Asalinsa daga surfanin da ake zare zaren ƙyallen lilin ne a cike gurbin da ado. Aka yi ta zarewa, aka yi ta zarewa, har masu aikin suka ga ƙyallen ma ba dole ba ne.

Birnin Benis na Italiya ne ya yi suna da shi, har kuɗin manyan Faransa suka riƙa kwarara can wajen sayensa. Wannan ya sa a 1665 Colbert, ministan Sarki Luwi na 14, ya kafa masana'antun leshi a Faransa, aka ɗauko gwanaye daga Benis su koyar. Garin Alençon na cikin wuraren da suka gaji wannan aiki, kuma har yau ana yin sa a can. A 2010 hukumar UNESCO ta sa leshin allurar Alençon cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma a bayaninta ta ce ɗan fili mai tsawon santimita 1 da faɗin santimita 1 yana cin awa 7, ƙwarewa a sana'ar kuma tana ɗaukar shekara 7 zuwa 10. Da na karanta haka sai na ɗauko abin awo na auna farcen babban yatsana. Ya kusa ninki biyu na wannan filin. Wato awa 14 a zaune, ido a kan zare, kafin a rufe farce ɗaya. Furen da ke katina ba na Alençon ba ne, zarensa ya fi kauri nesa ba kusa ba, kuma mai shagon ta rubuta haka a fili a jikin katin, ba ta yi masa ƙarin gishiri ba. Duk da haka tun daga ranar ban ƙara ɗaukarsa da hannu ɗaya ba.

Kati na biyu leshin sanduna ne, ɗan tsiri na bakin ƙyalle, kuma shi ne irin wanda kwalin ke koyarwa. In leshin allura zare ɗaya ne ke ta zagaya kansa, wannan kuwa zaruruwa ne da yawa ke kitsa juna. Da gilashi ana iya kama zare ɗaya a bi shi da ido: ga shi ya shiga nan, ya ratsa ta ƙarƙashin wancan, ya kewaye ramin da fil ya tsaya, ya juyo. Wuraren da suka cika kamar saƙar ƙyalle suke, tsaye da kwance, sama da ƙasa. Ba ƙulli ko ɗaya a ciki sai a ƙarshe.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na buɗe littafin shi ne motsi biyu ne kacal a duk sana'ar. Kullum da sanduna 4 ake aiki, wato biyu-biyu sau biyu, komai yawan waɗanda ke kan matashin. Motsi na farko ni na sa masa suna ƙetare: a ɗauki na biyu a ɗora kan na uku, hagu kan dama. Na biyu murɗe: a kowane biyun, na dama ya hau kan na hagu. Ƙetare, murɗe, ƙetare, shi ke ba da saƙa mai cika kamar ƙyalle. Ƙetare da murɗe kawai, a bar su a wuce gaba, shi ke ba da saƙa mai shara-shara kamar raga. In aka yi ƙetare, murɗe, ƙetare, murɗe, sai a sami mai ƙarfi mai buɗaɗɗun ƙofofi. Duk leshin da tsohuwar nan ta bidiyo ke yi, da wanda ake jera wa sanduna ɗaruruwa, daga waɗannan biyun ya fito. Fil kuma aikinsa ya riƙe zare a inda zane ya ce, har saƙar ta kama kanta, sannan a cire shi a kai shi gaba.

A nan littafin ya burge ni. Hotunan bayaninsa sun bi tsarin launi da masu wannan sana'a a Beljiyam suka fito da shi: kore na nufin saƙar shara-shara, shunayya na nufin mai cika, ja kuma mai ƙarfin nan mai murɗi biyu. Bayan sati ɗaya na daina karanta rubutun, launin kawai nake bi. Daga baya na gane amfaninsa ya wuce nan, domin zanen da aka buga a wata ƙasa da harshen da ban iya ba, in dai da wannan launin aka yi shi, zan iya bin sa.

Aikin farko ɗan tsiri ne miƙaƙƙe da sanduna 12. Biyu ne ke tafiya, su ratsa sauran daga hagu zuwa dama, a kafa fil, su dawo. Sauran suna rataye suna jira. Daren farko abin da na saƙa ya fito kamar hanyar da ruwa ya ci, nan faɗi can tsuke, domin ban san cewa bayan kowane layi sai an ja masu ratayen ɗaya bayan ɗaya an daidaita su ba. Sai a dare na uku hannuna ya gane nauyin jan da ake so. Sandar ita kanta tana taimakawa, don nauyinta ne ke miƙar da zaren, kuma ba a taɓa zaren da yatsa sam, sandar ake kamawa, shi ya sa farin zare ke gama aiki yana nan fari fes. Wani abin daɗin kuma, kuskure ba ya zama dole. Tunda babu ƙulli, sai a koma da baya, a warware motsi ɗaya bayan ɗaya har a isa inda aka ɓata. Na taɓa warware aikin awa 2 saboda fil ɗaya da na tsallake, kuma zaren bai nuna alamar komai ba.

Zanuka 6 ɗin duk na salon da ake kira torchon ne, wanda kusan kowa da shi yake fara koyo, saboda ramukan fil ɗinsa a jere suke kamar dara, adonsa kuma kusurwa-kusurwa ne: lu'u-lu'u, mafici a gefe, da wani da ake ce wa gizo-gizo, inda zaruruwa ke taruwa a tsakiya su sake watsewa kamar ƙafafu. Tsarin zanukan ya yi kyau ƙwarai, kowanne abu ɗaya sabo yake ƙarawa a kan na baya. Na huɗu, abin sa alama a littafi mai tsawon santimita 15, ya ci mini awa 11 cikin sati 2. Ranar da na cire fil na ƙarshe na ɗaga shi sama, 'yata ta leƙo ta ce, "Umma, wannan ai kamar gizo-gizo ne ya saƙa." Na ce mata ba ita ta fara faɗa ba, a ƙasar Faraguwai akwai leshin allura da suke kira ñandutí, ma'anarsa a harshen Guarani yanar gizo-gizo.

Yanzu ga inda kwalin ya gaza, kuma ba zan rage ba.

Matashin shi ne babbar matsala. Da farin soson nan mai ƙarfi aka yi shi, irin wanda ake tare kayan lantarki da shi a cikin kwali, aka lulluɓe da ƙyalle. Watan farko lafiya lau. Amma fil ɗaruruwa ne ke shiga wuri guda, kuma wannan soson in ya huje ba ya komawa. Zuwa wata na huɗu tsakiyar ta yi laushi, in na kafa fil na ja zare sai ya karkata, fil kuwa in ya karkata ramin leshin ya karkace ke nan. Ga shi ba nauyi, yana zamewa a kan tebur. Matashin gargajiya na wannan aiki da yankakkiyar ciyawa ko garin katako ake cusa shi, a danƙare har ya yi tauri kamar dutse, irinsa kuwa shekaru yake yi. Na rage matsalar da shimfiɗa ƙyallen ulu mai kauri a ƙarƙashin murfin, ina kuma matsar da zane gefe-gefe, amma wanda ya san zai daɗe a sana'ar ya sa a ransa zai sake matashi.

Fil ɗin kuma sun yi mini ɓarnar da har yanzu in na tuna raina ke sosuwa. Na yi rashin lafiya na bar aiki a kan matashi sati 3, an rufe shi da ƙyallensa. Da na dawo na fara cirewa sai ga ɗigon tsatsa ja-ja a bakin ramuka wajen 9, a kan farin zare. Ban samu ya fita duka ba. Ashe na baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, alhali masu wannan aiki da fil na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa suke amfani, saboda wannan dalilin. Mai shagon masaƙiya ce da kanta, ta san haka, bai kamata ta sa waɗannan a kwalin 'yan koyo ba, tunda ɗan koyo ne ya fi kowa barin aiki ya daɗe a kan matashi.

Sandunan ba laifi, katako ne mai santsi, suna da daɗin kamawa, ƙararsu ma na da daɗi. Biyu sun zo da kaushi a wuya suna cizon zare, na goge su da sanfefa mai laushi suka daidaita. Irin masu dunƙulallen gindi ne, don haka suna gangarawa a kan matashi, in kuwa sanda ta yi ta juyawa sai murɗin zaren ya kwance, ya yi rauni ya tsinke. Sau biyu hakan ta same ni kafin in gane dalili. A tsakiyar Ingila sun magance wannan da ɗaura zoben duwatsun ado a gindin kowace sanda, ya hana ta birgima, ya kuma ƙara mata nauyi. Zaren mai kyau ne, sumul ba gashi, sai dai ba a rubuta lambarsa ba, kuma a wannan aikin kaurin zare da tazarar ramukan zane tare suke tafiya. Da ya ƙare sai da na tambayi mai shagon. Littafin ma, duk kyansa, bai faɗi yadda ake haɗa zare in ya tsinke a tsakiyar aiki ba, bayanin rufe aiki a ƙarshe kuma layi 3 ne kawai. Waɗannan biyun kuwa su ne wuraren da ɗan koyo ke tsayawa cak.

In koma kan ambulan. Kati na uku na ƙoshiya ne, wata 'yar ƙaramar ƙoshiya da ake naɗe zare a cikinta, a riƙa ƙulla shi a kan wani zaren da ke zagaye da yatsu. Shi wannan duk ƙulli ne, zobe-zobe da baka-baka, da 'yan kunnuwa a gefe waɗanda da su ake haɗa zobe da zobe. Gane shi ba wuya, kuma ya fi sauran ƙarfi a hannu. Na huɗu na kwarashi ne, a nan kam ina gida. Salon ƙasar Ailan ne, inda ake saƙa fure da ganye daban-daban a kan zare mai kauri don su taso, sannan a jera su a haɗa da raga. An yi shi ne don ya kwaikwayi leshin allurar Benis mai tudu, kuma ya yaɗu a shekarun yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845, lokacin da aka riƙa koya wa mata da yara don su sami abin sayarwa su ci. Shekara da shekaru ina riƙe da kwarashi ban san wannan ba. Da na ajiye shi kusa da furen katin farko na ga kamar da kuma bambancin: daga nesa 'yan uwa ne, a gilashi kuwa na kwarashi sarƙa-sarƙa ne, kowane ɗinki da kansa mai kama da ƙwayar hatsi biyu a jere.

Sai kati na biyar, wanda a kansa na rubuta wa mai shagon. An rubuta a ƙasansa cewa tsohon leshin allura ne. Ganye biyu ne da fure, kyakkyawa, ya ɗan yi ruwan madara saboda tsufa. Watanni 2 na farko ban ga komai ba, har shi na fi nuna wa baƙi. Sai wata rana, bayan idona ya saba da na farkon, na sa masa gilashi don in ƙirga salon cikawarsa, na nemi ɗinkin bakin maɓallin nan na rasa. Gadojinsa ba a lulluɓe suke da ɗinki a jere ba, zare ne ya yi ta kai da komo a kansu, duk sun yi buzu-buzu. Na kwance shi daga katin na juya bayansa, sai ga zare biyu suna kama juna, na sama da na ƙasa, daidai yadda keken ɗinki ke yi. Na ɗora ganyen nan biyu ɗaya kan ɗaya a gaban haske, suka hau juna ɗas, har wani ɗan karkacewa da ke bakin ɗayan yana nan a ɗayan. Hannu ba ya maimaita kuskurensa daidai wa daida.

Aikin inji ne, irin wanda ake yi wa surfani a kan wani ƙyalle na wucin gadi, sannan a narkar da ƙyallen da sinadari, surfanin ya tsaya shi kaɗai kamar leshin allura. A shekarun 1880 aka fito da wannan dabara, garuruwan Plauen a Jamus da St. Gallen a Suwizalan suka yi suna da ita. Don haka tsufansa gaskiya ne, zai iya fin shekara ɗari, na hannu ne dai ba shi ba. Na ɗauki hoton bayansa ta cikin gilashi na aika mata. Kwana 2 ta amsa, ba ta yi gardama ba. Ta ce cikin tarin tsofaffin leshi da ta saya a dunƙule ya zo, ba ta bincika shi yadda ya kamata ba, laifinta ne. Ta aiko mini da wani na allura na gaske, ta ce in riƙe wancan. Na ji daɗin yadda ta karɓi maganar. Amma dole in faɗa, wanda ke sayar da samfuri don a koyi bambancewa, kuskure a kan kati ba ƙaramin abu ba ne, da ban sa gilashi ba da har yau ina koya wa mutane ƙarya.

Ban jefar da shi ba, na sake masa kati na rubuta gaskiyarsa, kuma a cikin biyar ɗin ba wanda ya koya mini kamarsa. Ni ba na raina leshin inji. Tun da John Heathcoat ya yi rajistar injinsa na saƙa raga a Ingila a 1809, John Levers kuma ya inganta shi a Nottingham a 1813, leshi ya sauko daga wuyan sarakuna da attajirai ya isa ga kowa, kuma tsara zane wa irin waɗannan injuna ma gwaninta ce mai zaman kanta. Abin da nake so kawai a kira kowanne da sunansa. Kuma kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka gilashi na warware komai. Akwai injin da ake kira Barmen da ke kwaikwayon torchon, yana ƙetare yana murɗe kamar hannu, har gwanaye sai sun natsu kafin su raba. Abin da nake dubawa yanzu shi ne bayan aikin, da ko zan iya bin zare ɗaya daga farko har ƙarshe, da ko maimaicin adon ya yi daidai fiye da kima, da kuma baki, ko tare aka saƙa shi da jikin ko yankewa aka yi aka liƙa wani.

Wa ya kamata ya sayi kwalin? Wanda ke da haƙurin zama awa guda ya tashi da abin da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ransa ya yi fari da hakan. Wanda ke neman abin da zai saƙa da yawa cikin sauri, kwarashi ya fi masa. In za a saya, a nemi fil na tagulla tun ranar farko, a tambayi lambar zaren kafin ya ƙare, a kuma tanadi gilashin ƙara girma da wuri mai haske, don kwalin bai zo da gilashi ba. Ambulan ɗin samfuri kuwa ina ba kowa shawarar ta, har wanda ba zai taɓa kama sanda ba, da sharaɗin ya kwance kowanne ya duba bayansa da kansa. Nawa a kwance nake ajiye su, tsakanin farin ƙyallen auduga da aka wanke, ba sitaci, ba ninki, nesa da rana.

Akwai irin da ambulan ɗin ba ta kawo ba da nake marmarin in taɓa da hannuna. Na Honiton a Ingila, wanda ake saƙa furanninsa ɗai-ɗai da sanduna a haɗa daga baya, irin wanda aka yi wa rigar auren Sarauniya Biktoriya ado da shi a 1840. Da na tsibirin Hvar a Kuroshiya, wanda mata masu zaman ibada a wani gidan Kirista ke yi da zaren da suke zarowa daga ganyen wani tsiro mai kama da kabar giwa. Na tambayi mai shagon ko za ta iya samo ɗan ƙaramin Honiton, ta ce za ta duba, kuma wannan karon ita da kanta ta ce za ta haɗo da hoton bayansa kafin in biya.

A kan matashin yanzu zane na shida ne, bakin hankici mai kusurwa huɗu, shi ne ke cinye sandunan 24 gaba ɗaya. Na gama gefe biyu, na juya kusurwa biyu, ta farkon bayan warwarewa sau 3, ina tsakiyar gefe na uku. Sabbin fil na tagulla ne a jikinsa, kuma ina cire na baya duk dare kafin in rufe shi.